Mangala ta ishi keken ɗan makaranta

Duk mai duba hotunan Turawa matafiya a kan keke ya saba ganin siffa ɗaya: jaka biyu a ƙafar baya, biyu a ƙafar gaba, wata ƙarama a kan keken inda ake riƙewa, ga tanti a ɗaure bayan sirdi. Yaranmu ma suna ganin waɗannan hotuna a wayoyin yayyensu. Shi ya sa idan malami ya ce zai fita da ɗalibai yawon kwana biyu ko uku a lokacin hutu, ko uba ya saya wa ɗansa keken zuwa koleji, sai ka ji tambaya ta taso: shin sai da jakunkunan gaba? A ganina, a hanyoyin Cadakori, Gidan Rumji, Agye da Gazawa, amsar ita ce a'a. Amma matsalar da aka ƙirƙiro jakunkunan gaba dominta tana nan a wajenmu, kuma mu malamai da iyaye ba mu cika kula da ita ba.

Mu fara da sanin amfanin jakar gaba. Idan mutum ya hau keke, ko da babu kaya, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa a ƙafar baya yake sauka, musamman irin kekunanmu da ake zama a miƙe. To, idan aka ƙara tara kaya a kariya, ƙafar baya ce ke shan wahalar duka. Wayoyinta su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafar ta karkace, taya ta yi saurin cinyewa. Ita kuma ƙafar gaba sai ta yi sakayau, har idan an zo hawan tudu ko an faɗa rami ta nemi ɗagawa. Matafiyin da zai yi wata shida a hanya, ɗauke da tanti, murhu, tukunya, bargon barci da kayan sanyi, dole ya raba wannan nauyi gaba da baya. Don haka ba ado ba ne a wajensa. Kayansa ne suka yi yawa.

Tambayar da ta dace mu yi ke nan: kayan ɗanmu sun kai haka?

Mu ɗauki tafiyar da ta fi yawa a yankinmu. Ɗalibi ne daga ƙauye, yana karatu a kolejin babban gari, yana zaune gidan mai masauki. Ya je gida ƙarshen mako, ranar Lahadi da yamma ya juyo da guzuri. Tiya huɗu ta gero wajen kilo 10 ce. A ƙara tufafi, littattafai, sabulu, ɗan ƙuli-ƙuli da yaji, a ce kilo 4. Ruwan sha lita 2, kilo 2 ke nan, domin kowace litar ruwa kilo guda ce. Jimla kilo 16. Kariyar ƙarfe mai kyau ba ta jin wannan. Keken Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief ta ƙera domin hanyoyin karkara a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, kariyarsa ta baya an yi ta ne don ta ɗauki kilo 100, kuma ba ya zuwa da jakunkunan gaba. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka yi fatauci da su tsakanin kasuwannin ƙauye, su ma a baya suke ɗaukar kaya.

Yawon hutu na kwana biyu ko uku bai fi haka nauyi ba, in an yi tsari. Abin da ya fi cika jakar Bature shi ne ɗakin kwana da kicin, mu kuwa ba mu da dalilin ɗaukar su. Na farko, halin da ake ciki bai bar mu da zaɓi ba. Kowa ya san matsalar 'yan bindiga a yankunan da ke kusa da iyakar Najeriya, wadda tun 2019 ta koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara zuwa gundumar Gidan Rumji, har Cadakori ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka tsugunar da su. Babu malami mai hankali da zai kafa tanti a daji da 'ya'yan mutane. Kwana a cikin gari ake yi, a ajin wata makaranta ko a zauren mai gari, bayan an sanar da hukuma da iyaye tun kafin a tashi. Na biyu, ko fataken da suka riƙa ratsa ƙasar nan da jakuna, zango suke nufa, inda akwai rijiya da mutane. Wanda zai kwana a zango, tabarma, gidan sauro da mayafi sun ishe shi. Abinci kuma ana samunsa a kowane gari da ke bakin hanya. In ka cire tanti da murhu, ka cire dalilin jakar gaba.

Sai maganar hanya. Hanyoyinmu iri biyu ne. Akwai babbar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta bi ta Gidan Rumji, Tibiri, Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa, ta wuce Tasawa zuwa Damagaram. Akwai kuma hanyoyin da ke shiga ƙauyuka, waɗanda mafi yawansu rairayi ne da sawun amalanke. A kan kwalta, kaya a gaba na iya sa keke ya natsu. A cikin rairayi kuwa akasin haka ne. Duk yaron jigawa ya san cewa in ka shiga yashi, baya kake komawa da jikinka, ka bar ƙafar gaba ta yi sauƙi ta bi ta sama. Da zarar ka ɗora mata nauyi, nutsewa za ta yi, kan keken ya murɗe, mahayi ya sha ƙasa. Bugu da ƙari, jakunkunan gaba na zamani ƙasa-ƙasa ake rataya su, kusa da tsakiyar ƙafa. A sawun amalanke mai zurfi za su riƙa gugar gefen hanya, suna kwasar ƙarangiya, suna sarƙewa a sabara da ƙaya. Kayan da aka tsara don titunan Faransa da Jamus ba lallai su dace da hanyar gona ba.

Maganin da nake gani ya daɗe a gidajenmu. Ku dubi yadda ake yi wa jaki mangala. Ba a tara kaya a tsakiyar bayansa su yi tsororuwa. Ana raba su biyu daidai, a sauke kowane ɓangare a gefe, nauyi ya yi ƙasa. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, mai jaki ya tsaya ya gyara, wani lokaci har da ɗan dutse yake cike gibin. Wannan ita ce dokar ɗaukar kaya a keke, ba ƙari ba ragi. Buhu biyu masu ƙarfi, tela ya haɗe bakinsu da ƙyalle mai kauri, a ɗora a kan kariya su sauka hagu da dama. Mai walda ya sa ɗan ƙarfe a kowane gefe don kada buhu ya shiga cikin wayoyin ƙafa. A ja su baya kaɗan yadda diddigen yaro ba zai riƙa dukansu ba. Gero da ruwa su zauna a can ƙasa, tufafi a sama, tabarma a naɗe a kan kariya, a ɗaure da robar tsohuwar taya. Kuɗin wannan aiki bai kai na jaka ɗaya ta kanti ba, kuma in ya yage, a kasuwar mako za a ɗinke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, yayin da ake gardamar jakar gaba, kayan da ke kayar da yaranmu suna nan a gaban keken, ba a kan ƙa'ida ba. Leda ce a rataye a hannun dama, ƙaramar jarka a hannun hagu, suna lilo. Duk lilon da suka yi, sai sun ja kan keken. Ledar na iya shiga cikin ƙafar gaba, kuma ƙafar gaba in ta tsaya cak, mahayi ta kansa yake faɗuwa. A hanyar ƙauye, ƙarshenta ƙujewa ce ko targaɗe. A kan kwalta, inda manyan motoci da bas-bas ke wucewa da gudu, abin ya wuce nan. Haka ma buhun da aka ɗora a tsaye bisa kariya har ya kai kafaɗar yaro: da an karya kwana sai ya rinjaye shi. Ga kuma jakar baya da ake cusa wa komai. Likitocin yara da dama suna ba da shawarar kada jakar baya ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. Ɗan shekara goma sha uku mai kilo 40, kilo 4 zuwa 6 ke nan iyakarsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jaka a baya ƙarin gumi ce da ƙishirwa. Keke aka saya don ya ɗauki kaya, ba yaro ba.

Ba na cewa gaban keke haramun ne ga kaya. Masu goyon bayan jakar gaba suna da hujja a wurare uku, kuma ya kamata a ba su gaskiyarsu. Na ɗaya, idan tafiyar mai nisa ce a kan kwalta, misali daga Gidan Rumji zuwa Agye, wadda ta haura kilomita 100, kuma kaya sun wuce abin da mangala za ta ɗauka. Na biyu, idan hanyar ba ta da rijiya ko famfo kusa-kusa, dole a ƙara ruwa. Na uku, idan yaya zai goya ƙanensa a kariya, wanda ni ban so a haɗa shi da kaya ba sam, amma na san ana yi. A irin waɗannan lokuta, ƙaramin kwando ko 'yar kariyar gaba na da amfani, da sharaɗi biyu: a ɗaure ta da ƙusa a jikin ƙarafan da ke riƙe da ƙafar gaba yadda ba za ta motsa ba, kuma a sa mata marasa nauyi kawai, kamar mayafi, gidan sauro da abincin rana, abin da bai wuce kilo 2 ko 3 ba. Wani zai ce ai masu raba jaridu a birnin Paris sun shekara da shekaru suna ɗaukar tulin jaridu a gaban keke. Gaskiya ne, amma kekunansu an ƙera su ne musamman domin haka, kuma manya ne da suka ƙware. Keken da aka saya wa ɗan aji shida a kasuwar Maraɗi ba shi ba ne.

Akwai kuma maganar adalci, wadda malamai ya kamata su fi kowa ji. Ranar da malami ya rubuta a allo cewa duk mai son zuwa yawo sai ya zo da jaka kaza da kaza, ya riga ya ware 'ya'yan talakawa. Wanda ubansa ya sayar da akuya ya saya masa keke, ba zai sake sayar da wata don jaka ba. Yaron zai ce ba ya jin daɗi ne, alhali kunya ce ta hana shi. Tafiyar da aka shirya don yara su ga fadar Sarkin Gobir a Tibiri, su ga Gulbin Maraɗi da idonsu maimakon a taswira, sai ta koma ta masu hali. In akwai 'yan kuɗi a hannun uba ko a asusun iyayen yara, ga inda suka fi amfani: birki mai kamawa gaba da baya, taya mai sauran rai, famfo, kayan faci saboda tsidau, ƙararrawa, da fitila ko wani abu mai ƙyalli a baya don direba ya hango yaro in magariba ta riske shi. Wata 'yar ƙasar Ayilan, Dervla Murphy, ta yi tafiya a keke daga Turai har Indiya a 1963, da keke marar giya da kaya kaɗan. Abin da ya kai ta shi ne lafiyar keken da sanin abin da za ta bari a gida.

Shawarata ga malamin da zai jagoranci tafiya ita ce ya ware yini guda kafin a tashi. Kowane ɗalibi ya zo da kekensa a ɗaure kamar yau za a tafi. A aro sikeli wajen mai awo, a auna kayan kowa, a rubuta a allo. Duk abin da mutum goma za su iya amfani da guda ɗaya, kamar famfo, buta da kayan gyara, a raba shi tsakaninsu, kada kowa ya ɗauko nasa. Sannan kowa ya hau, ya zagaya filin makaranta, ya ratsa yashi, ya taka birki, ya saki hannu ɗaya kamar zai nuna zai juya. Wanda kekensa ya yi rawa, a sauke a sake ɗauri. A cikin wannan yini yara za su fahimci darasin nauyi da daidaito fiye da yadda alli zai koya musu a mako guda.

Ku kuma iyaye, ranar Lahadi idan yaro zai koma, kada a tsaya ga sa albarka daga cikin ɗaki. A fito ƙofar gida a dubi keken. A cire duk abin da ke rataye a hannu. A ɗaga kowane ɓangare na mangala a ji ko sun yi daidai. In gero ya yi yawa, a rage, a aika sauran da motar kasuwa. A sallame shi da sauran rana, don ya isa kafin duhu. Allah Ya kai mana su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.