Faifan da Ke Ɗora Windows da Kansa, da Haƙƙin Mai Kwamfuta

A zamanin Windows XP, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a shekarar 2001, masu gyaran kwamfuta da suka gaji da zaman jiran na'ura tana tambayar suna da lambar lasisi da yankin agogo ɗaya bayan ɗaya, sun rungumi wata dabara da kamfanin da kansa ya tanada, watau a rubuta dukan amsoshin tun da wuri cikin wani ɗan fayil mai suna winnt.sif, a ajiye shi a jakar I386 ta faifan, ta yadda da an zura faifai sai aiki ya yi ta tafiya har ƙarshe ba tare da an sa hannu ba. Da Windows Vista ta zo, sai fayil ɗin ya koma autounattend.xml, daga baya kuma filashi ya maye gurbin faifai, amma asalin al'amarin bai sauya ba. Dabara ce mai albarka, musamman ga wanda aka damƙa wa kwamfutocin makaranta ko na ofis.

Abin da nake son mai gyara ya fahimta shi ne, wannan faifai wakili ne, kuma kamar yadda malaman fiƙihu suka bayyana a babin wakilci, wakili ba ya ƙetare abin da aka wakilta shi a kai. Saboda haka idan ya tsaya a tsakiyar hanya, ko ya aikata ɓarna, wajibi ne a fara neman illar a cikin umarnin da aka rubuta masa, kafin a tuhumi na'urar bawan Allah. Amma abin takaici, da yawa idan aiki ya cije sai su sake kwafar wani faifan, ya sake cijewa, su sake kwafa, daga ƙarshe su yanke hukunci cewa rumbun ajiyar ya mutu, su sa mai kaya sayen sabo alhali na farkon lafiyarsa ƙalau.

Illolin nan kuwa sanannu ne ga wanda ya yi haƙurin bincike. Idan faifai ya tashi amma ya shiga tambayoyi kamar ba a ba shi amsa ba, sau da yawa Notepad ce ta liƙa wa sunan fayil ɗin wutsiyar txt wadda Windows ke ɓoyewa, ko kuma an ajiye shi a inda ba a neman sa. Idan kuwa XP ta ce ba ta ga rumbun ajiya ba, ko allo ya yi shuɗi ya nuna lambar 0x0000007B, to galibi faifan ne ba ya ɗauke da direban SATA, maganinsa kuwa ko dai a cusa direban cikin faifan da manhaja irin nLite, ko a shiga BIOS a mayar da rumbun zuwa tsarin IDE. Ita nLite ɗin ma tana da nata sharrin, domin tana ba mutum damar yanke sassan Windows don faifai ya yi sauƙi, sai bayan watanni mai kwamfuta ya haɗa firinta ta ƙi aiki, ba wanda zai tuna cewa tun ranar farko aka cire abin da take buƙata. Bayan haka duka, manhajar ɗorawa tana rubuta tarihin aikinta a fayilolin setupact.log da setuperr.log, waɗanda a sababbin Windows ake samu a jakar Panther. Wanda ya bar su bai duba ba ya bar hujja ya koma zato.

Sai dai duk waɗannan hasarar lokaci ce kawai. Wadda ba ta da magani ita ce ta layi guda, Repartition=Yes a tsohon fayil, ko WillWipeDisk a sabon, wanda ke umartar faifai ya share rumbu baki ɗaya ba tare da neman izini ba, tun da ai an riga an amsa masa. Rumbun da na'ura ta lasafta na farko kuwa ba lallai ne ya zama wanda mai gyara yake nufi ba. Ta haka kundin digirin ɗalibi, ko littafin bashin ɗan kasuwa, ko hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, za su salwanta cikin daƙiƙoƙi a hannun mutumin da ya karɓi faifai daga wani abokinsa, shi ma daga intanet ya sauko da shi, babu ɗayansu da ya san wanda ya tsara shi, balle abin da ya ƙunsa. A ganina wannan taƙlidi ne makaho, kuma cin amana ne ko da ba a yi niyya ba.

Za a ce mai shago yana da layin mutane, ba shi da lokacin karatun fayil. Uzurin bai karɓu ba, domin sau ɗaya ake tantance faifai, a gwada shi cikin manhajar VirtualBox, wadda kyauta ce, inda ɓarna ba ta taɓa kayan kowa, ana canza abu guda a kowane gwaji don a san wanne ne ya yi tasiri. Yanzu kuma da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutoci masu yawa za su je shago neman sabuwar ɗorawa, sai mai kaya ya nemi a kwafe masa ajiyarsa a gaban idonsa, a kuma cire duk wani rumbu na biyu kafin a zura filashi.