Wasiƙa ga Matasan Likitocinmu Kan Ruwan Laka

Ƙannena likitoci masu duba mutanenmu na unguwar Sabo a Ibadan. Hannunku ya faɗa wajen ɗibar ruwan laka, wannan na yaba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuke karanta sakamakon. Dattijo ya zo ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, aka ga furotin ya haura 45, sai a yanke cewa cutar jijiya ta CIDP ce, a ɗora shi kan prednisolone.

Hauhawar furotin tana nuna cewa shingen da ke tsakanin jini da saiwoyin jijiya, wurin da suke fitowa daga laka, yana yoyo. Ba ta faɗin abin da ya huda shi. Ciwon suga yana jawo haka, tsufa ma, haka tarin fuka idan ya ci ƙashin baya ya toshe hanyar ruwan. Guillain da Barré da Strohl a 1916 abu biyu suka haɗa: furotin ya hau, ƙwayoyi ba su ƙaru ba. Ku kuwa layin ƙwayoyin nan kuke tsallakewa. Idan fararen ƙwayoyi suka wuce 10, ai ƙanjamau da dajin jini ya kamata ku fara nema.

Za ku ce na'urar auna gudun jijiya ta yi ƙaranci, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin mai sayar da goro. Gaskiya ne. To, tambaya ma kuɗi ake biya? Ku nemo mai jin Hausa sosai, ku tambayi mara lafiya ko raunin ya haura mako 8 yana ƙaruwa, ko yana iya miƙewa daga sujada ba tare da dafa bango ba. Raunin cinya da kafaɗa tare da na tafin ƙafa shi ke karkatar da zato ga saiwa, na suga kuwa daga yatsu yake farawa. Ku buga guduma a gwiwa. Farfesa Benjamin Osuntokun a nan Ibadan ya danganta wata cutar jijiya da gubar rogo, kuma sai da ya bi abin da mutane ke ci kafin ya kai ga hakan. Kaico, yau takarda ake dubawa, mutumin yana zaune ba a ko cire masa takalmi ba! Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin jijiya ta 2021 ma matsayin mai tallafa wa hujja kawai ta ba ruwan laka.

Ku yi haƙuri da zafin harshena, ƙannena. Prednisolone yana hargitsa suga, yana kuma tayar da tarin fukan da ya kwanta, don haka ku auna suga, ku duba ƙirji da ƙashin baya kafin ku rubuta shi. Allah Ya yi muku jagora.