Kada A Binne Ƙarin Da Aka Cire Sai An Auna Shi

A wasu asibitocin ƙasar nan, idan aka yi wa mace aiki aka ciro mata ƙari daga gidan ƙwai, wato 'yan gaɓoɓin nan biyu da ke gefen mahaifa, akan miƙa wa danginta abin a cikin kwalba a ce su kai ɗakin bincike. Wasu sukan kai. Wasu kuwa, ko don rashin kuɗi, ko don nisa, ko don ganin majinyaciya ta miƙe, sai su haƙa rami su binne. Wannan ganganci ne babba.

Dalili kuwa shi ne, abin da ido ya gani kamar ƙari ɗaya yana iya zama biyu ne, kowanne da asalinsa, suka haɗu a wuri guda. Abin ba ya yawan faruwa, amma likitoci sun daɗe da saninsa. Akwai ƙarin da ake kira Brenner, da sunan likitan Jamus Fritz Brenner wanda ya bayyana shi a 1907. Yawanci ƙarami ne mai tauri, kuma akan tarar da shi maƙale a bangon wani ƙaton ƙari mai cike da ruwa mai yauƙi. Akwai kuma teratoma, wanda akan sami gashi da kitse har da haƙori a cikinsa. Galibinsa ba ya da haɗari, amma ɗaya ko biyu cikin 100 yakan ɓoye sankara, musamman ga matan da suka manyanta. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Hoton ciki yakan nuna babban ƙarin, ƙaramin kuwa ya sha a bayansa. Awon jini na CA-125, wanda aka gano a 1981, shi ma bai isa hujja ba, domin yakan hau saboda juna biyu, ko haila, ko tarin fuka da ya kama ciki. Mai yanke hukunci shi ne likitan da ke duba tsoka a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. A ƙa'idar aikinsa yakan yanki salla ɗaya ga kowace santimita ta faɗin ƙarin, wato ƙari mai santimita 20 yana bukatar yanka kamar 20. A nan ne ake sanin ko aikin farko ya wadatar, ko kuwa sai an sake wani a kuma haɗa da maganin sankara. A nan ne kuma ake kuɓutar da budurwa daga cire mata mahaifa ba gaira ba dalili.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatun lafiya na jihohi su ɗauke wa dangi wannan nauyi. Asibitin da ya yi aikin shi ya kamata ya zuba tsokar cikin ruwan fomalin nan take, ya aika da ita asibitocin koyarwa kamar na Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri, ya kuma bi sawun sakamakon har ya iso hannun majinyaciya. Ɗaliban likitanci su ma su daina ƙyamar fannin binciken tsoka. Mazaje da iyaye kuwa su sani cewa ba a gama jinya ba sai takardar sakamako ta fito. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.