Makiyayi Ba Ɗan Gantali Ba Ne

Kwanan baya na ji wani mai fassara a gidan rediyo ya mayar da kalmar nomad ta zama "mai yawace-yawace". Wallahi sai da raina ya ɓaci. Ya ku 'yan'uwana ɗaliban Hausa, da mu nake, domin mu ne tafintocin gobe.

Bature bai haɗa waɗannan kalmomi a kwando ɗaya ba. Wanderer shi ne mai tafiya ba alƙibla. Vagrant shi ne wanda ba gida ba sana'a, wato ɗan gantali ko ɗan ragaita. Shi kuwa nomad mai ƙaura ne da dukiyarsa, bisa hanya sananniya, a lokaci sananne. Duk wanda ya san Udubo ta ƙasar Katagum, inda ake da hurumin kiwo, ya san Bafulatani ba ya tashi sai ya aika an dubo ciyawa da mashaya. Da rani ya gangara fadama, ruwa ya sauka ya komo mashekarinsa, kuma burtali yake bi. Ina gantali a nan? Ai wanda ya san ranar komowarsa bai ɓata ba.

Hukuma ma ta san bambancin. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, a shekarar ce kuma ta soke laifin nan na wandering da 'yan sanda kan kama talaka da shi don kawai an gan shi a titi da dare. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince makiyayi ya ƙetare iyaka in yana riƙe da takardar shaida.

Haka zancen 'yanci yake. Freedom daban, licence daban, kamar yadda Bahaushe ya raba 'yanci da sakaka. Bin burtali 'yanci ne, sakin shanu cikin geron wani kuwa ɓarna ce, kuma ban zo kare mai ita ba. Amma wanda ya nome burtali ya toshe mashaya, shi wane suna muka ba shi?

Lokacin da Jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, an yi ta muhawara da Turanci, talakanmu kuwa ta bakin tafinta ya ji ta. In tafintan ya ce masa "an hana yawo", ya riga ya yanke wa makiyayin Udubo hukunci tun alƙali bai zauna ba.