Ƙugiyar Haruffan Hausa a Zubin Rubutu Mai Ɗige-ɗige

A 'yan shekarun nan masu zayyana sun koma ga irin zubin haruffan da kwamfutocin da suke amfani da shi, wanda ake gina kowane harafi da ɗige-ɗige, kuma kowanne ya ci faɗi daidai da ɗan uwansa. Asalinsa ƙarancin wuri ne. Kwamfutar IBM ta 1981 alamomi 256 kacal take ɗauka, sannan tsarin VGA na 1987 ya keɓe wa kowane harafi gurbi mai faɗin ɗigo 8 da tsayin ɗigo 16. A yau ana amfani da wannan zubi wajen rubuta manhajoji da wasannin kwamfuta. Haka kuma yana da amfani ga mai nazarin harshe, domin faɗi bai ɗaya kan jera kalma da fassararta a ƙasa ba tare da sun goce wa juna ba.

Sai dai waɗancan alamomi 256 babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wanda ya farfaɗo da kamannin tsohon zubi bai kamata ya farfaɗo da giɓinsa ba. Ƙugiya ita ce ke raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa. In ta faɗi, ma'ana ta canza.

Akwai masu cewa gurbin ya yi ƙanƙanta. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Zubin GNU Unifont, wanda Roman Czyborra ya fara a 1998, ya shigar da waɗannan haruffa cikin gurbin 8 da 16. Ɗigo biyu ko uku sun isa ƙugiya, muddin an matsar da sandar harafin kaɗan.

Babban tarnaƙin yana cikin tsarin Unicode ne. An ajiye Ɓ, Ɗ, Ƙ, ƙ, Ƴ da ƴ a rukunin ƙarin haruffan Latin, amma ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin furuci na IPA. Mai zayyanar da bai san Hausa ba yana iya kammala rukunin farko ya ɗauka ya gama. Sakamakon haka, sai kwamfuta ta aro ɓ daga wani zubi daban, layi ya karkace.

Gyaran wannan ya rataya ne a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu. Zubi da dama suna ƙarƙashin lasisin SIL mai ba kowa damar gyarawa da rarrabawa. Haruffa takwas ne kawai ake buƙata, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan malaman harshe suka haɗa kai da ɗaliban kimiyyar kwamfuta, za a iya zana su, a gwada a kan masu karatu, a miƙa wa masu zubin.