Surukarki Ba Fushi Take Ba



A gidajenmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura akwai ƙorafin da ake yawan ji daga matan ɗa: "Inna ta daina yi mini dariya, in na gaishe ta da ƙyar take amsawa, in na kira ta cin abinci sai ta ɓata lokaci kafin ta taso." Daga nan zargi ya shiga, wata ta ce ƙiyayya ce, wata ta ce an yi wa tsohuwa sammu. 'Yar uwa, kafin ki kai ƙara wajen maigida, dubi hannunta lokacin da take zaune shiru. In hannu ɗaya yana rawa, yatsu suna murzawa kamar mai jan carbi alhali babu carbin, takunta ya ƙanƙance, muryarta ta yi ƙasa, to wataƙila cuta ce da wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana tun 1817, ake kiranta da sunansa.

Can cikin ƙwaƙwalwa, ƙasa da inda muke tunani, akwai wasu curin jijiyoyi da ke ba jiki izinin motsi. Suna aiki ne da wani sinadari mai suna dofamin. Ɓeraye da zomaye ne suka fara nuna mana muhimmancinsa. A 1957 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba su maganin da ke ƙarar da wannan sinadari, sai suka kwanta kamar an ɗaure su, ba barci ba, ba shanyewa ba. Da ya ba su lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin, cikin ɗan lokaci suka miƙe suka ci gaba da harkarsu. Wannan aiki ne ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2000.

A 2010 kuma masu bincike a San Francisco ta Amurka suka ƙara haske. Sun gano yadda za su kunna jijiyoyin wannan wuri da ɗan haske ta siririn zaren gilashi da aka dasa a kan ɓera. Hanyoyi biyu ne a wurin. In aka kunna ɗaya, ɓera ya kama yawo. In aka kunna ɗayar, sai ya rage gudu, ya riƙa daskarewa wuri ɗaya, ƙafafunsa kuwa lafiyarsu lau. Dofamin shi ke ƙarfafa hanyar "tafi" ya sassauta ta "tsaya". In ya yi ƙaranci, "tsaya" ta yi rinjaye. To ɓeran nan ba taurin kai ya yi ba, haka ma Inna. Tana so ta tashi, umarnin ne ba ya fita. Fuska ma da tsoka take murmushi, shi ya sa za ki gan ta a ɗaure ko da zuciyarta fari tas.

Kuma cutar ba ta raggo ba ce. Muhammad Ali, zakaran damben duniya, an gano tana jikinsa a 1984, ya rayu da ita har 2016.

Ba a warkewa gaba ɗaya, amma lebodofa na sauƙaƙa ta ƙwarai. Ku fara da babban asibitin Kazaure ko na Babura, ku nemi a tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku tafi da duk ƙwayoyin da take sha, har na kemis, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali suna kawo irin waɗannan alamu, in an canja su abin yakan lafa. Ba kowace rawar hannu ba ce wannan cuta, likita ne zai bambance.

In an ba da magani, ke ce mai riƙon lokaci. A sha kan ƙa'ida, kada a yanke shi kwatsam don an ga sauƙi ko kuɗi sun ƙare, a koma wa likita tukuna. Nama da wake da ƙwai kan rage shigarsa jiki in an haɗa, saboda haka a kan so a sha shi kamar rabin awa kafin abinci. In ta daskare a bakin ƙofa, wanda yakan faru sosai, kada ki ja hannunta, faɗuwa za ta yi. Ki ƙirga mata "ɗaya, biyu", ko ki ja layi a ƙasa ki ce ta tsallake, sau da yawa ƙafar takan saki. A naɗe tabarmar da ke kan hanya, a kai mata buta kusa, a ba ta ruwa da ganye saboda cushewar ciki. In tsayuwa a salla ta gagara, shari'a ta yarda ta yi a zaune, ki gaya mata haka da taushin murya, domin tsofaffinmu da yawa suna jin nauyin tambaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.