A Duba Rufin Ajinmu Kafin Damina

Bara ruwan Mayu ya jiƙa littattafanmu, muka takure a lungu ɗaya muna rawar sanyi. Laifin ruwa ne? A'a, aikin rufin ne bai yi kyau ba.

Mu leƙa ta inda silin ya ɓurme: duk inda haske ya ratso kwano, nan ruwa zai bi. A tudun kwano ake buga ƙusa. Wadda aka buga a kwari, yoyo take kawowa. Kwanon da bai hau ɗan'uwansa sosai ba kuwa, mu 'yan Tudun Wada mun san yadda iskar hadari ke yaye shi.

Kada ɗalibi ya hau rufi. Muna roƙon Shugaban Makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su kawo kafinta tun a Maris. Rigakafi ya fi magani.